Ɓarnar Ɓera A Sito Da Cikin Mota: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ɗan Kasuwa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, sa'ad da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu motoci da dama a manyan biranen ƙasar nan suka sake lissafi. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga kimanin naira 185 zuwa naira 488 a gidajen man NNPC na Legas, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Mai mota biyu ya jingine ɗaya, mai guda ɗaya kuwa ya koma fita da ita ranar Juma'a ko ranar biki. A filayen dillalan motoci na Berger da ke kan hanyar Apapa zuwa Oshodi, da makamantansu a Ibadan da Anaca da Fatakwal, mota takan yi watanni tana jiran mai saye.

Motar da ta daɗe tsaye a wuri guda kuwa ba ta rasa mai tarewa a cikinta. Ɓera ne ke shiga, kuma yawanci mai ita ba ya sanin ya yi baƙo sai ranar da ya murɗa makulli inji ya ƙi tashi, ko fitilun gargaɗi suka kunnu a gaban direba, ko wari ya bugo daga kafar na'urar sanyaya mota. Wannan ɓarna tsohuwa ce, kuɗin gyaranta ne ya sauya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira domin kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake saye a kan naira 460 da ɗoriya a hukumance ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Tun da yake kusan duk kayan lantarkin mota daga waje ake shigo da su, sababbi ne ko na hannu, to wayar da ɓera ya gaigaya cikin dare ɗaya da dala ake biyanta, ko a kasuwar Ladipo ta Legas aka sayo madadinta, ko a Nkwo ta Nnewi, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ɓeran da ke cin wayar mota shi ne dai ke huda buhu a sito, shi ne kuma ke sukuwa a silin gida da tsakar dare. Saboda haka ɗan kasuwar da ke da gida da shago da motar ɗaukar kaya, matsala ɗaya ce ke damunsa a wuri uku, kuma ba za a gane maganinta ba sai an fara sanin halin mai ɓarnar.

Haƙoran gaba guda huɗu na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye. A babban ɓera sukan ƙaru da fiye da santimita 10 a shekara, amma ba a ganin tsawon saboda kullum suna cinyewa wajen gogayya da juna da kuma abin da yake gaigaya. Gaigaya ɗabi'arsa ce, ko da yunwa ko babu. Haƙoran suna cin katako da roba da dalma da falle-fallen alminiyam, har da simintin da bai yi ƙwari ba. Jikinsa kuma yana bin duk kafar da kansa ya wuce: ƙaramin ɓeran gida, wato kusu, yana shiga ramin da bai fi milimita 6 ba, kaurin fensir ke nan, babba kuwa milimita 12 zuwa 13 sun ishe shi.

Har ila yau, ɓera iri-iri ne, kuma kowanne da inda ya fi ɓarna. Akwai ƙaton ɓeran kwata mai haƙa rami da iyo, wanda jiragen ruwa suka yaɗa a duniya, shi ya sa a Afirka ta Yamma ya fi yawa a biranen da ke da tashar jiragen ruwa irin su Legas. Akwai baƙin ɓera mai doguwar wutsiya, gwanin hawa, wanda ke bin wayar lantarki da reshen itace ya shiga rufi. Akwai kusu, sai kuma ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys, mai shigowa gida idan an girbe amfani. Gafiya tana nan da kwasar kaya zuwa raminta. Ita jaba, duk da warinta da ƙin da ake yi mata, ba ta cikin wannan dangi, ƙwari ne abincinta, kuma ba ita ke huda buhu ba.

Wajen haihuwa ne ɓera ya gagari ɗan Adam. Cikin macen ɓeran kwata kwana 21 zuwa 23 ne, takan haifi shida zuwa goma sha biyu a lokaci guda, tana iya sake ɗaukar ciki kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, 'ya'yan kuma su isa haihuwa cikin wata biyu zuwa uku. Babban ɓera yakan ci wajen giram 25 na hatsi a rana. Alal misali, idan sito yana da ɓera 100, kilo biyu da rabi ke nan kullum, fiye da kilo 900 a shekara, wato buhu tara na masara masu cin kilo 100. Abin da ya shiga cikinsa ke nan kurum. Wanda ya zuba ta ramin buhu, da wanda kashi da fitsari da gashi suka ɓata, da kuɗin sabon buhu da ladan mai ɗinki da na mai sheƙa, duk suna gefe. Mai saye a Mile 12 ko Bodija da ya ga kashin ɓera a bakin buhu ya sami abin rage farashi. Mai fitar da kaya waje ma asararsa ta fi haka, domin riɗin Nijeriya yana cikin kayan da Tarayyar Turai ta tsananta bincikensu saboda ƙwayar cutar salmonela, kuma kashin ɓera da na tsuntsaye yana cikin hanyoyin da ƙwayar ke shiga kayan abinci. Ba kasafai ake rubuta ɗaya daga cikin waɗannan a littafin ciniki da sunan ɓera ba. Sai dai a ce kaya sun yi gibi, a kama zargin maigadi ko yaron shago.

Dalilin Shigarsa Mota

Injin da aka kashe yakan yi sa'o'i yana da ɗumi, ƙarƙashin bonet akwai duhu, ruwan sama ba ya shiga, sanyin hunturu ba ya kai wa, kyanwa da mujiya kuma ba su da hanya. Ɓera yakan hau taya, ya bi ƙarafan ƙafar mota, ya isa kan inji. Kayan sheƙa ma a shirye suke: audugar da aka manna a cikin murfin inji don rage zafi da ƙara, da takardar matatar iska, da soson kujera. Daga nan yakan bi kafar da iska ke shiga ɗakin mota, wadda ke ƙasan gilashin gaba, ya faɗa cikin akwatin fankar na'urar sanyaya. Idan akwai ɓawon gyaɗa ko gutsuren burodi a ƙarƙashin kujera, to zama ya tabbata.

A zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, wayoyin mota 'yan kaɗan ne, kuma duk mai gyaran waya a tasha zai bi su da hannu ya gano wadda ta yanke, ya haɗa, ya naɗe da tef. Motar yanzu daban take. Idan aka miƙe wayoyin da ke cikinta sukan wuce kilomita guda, an ɗaure su dami-dami an cusa su bayan inji da ƙarƙashin allon direba, kuma suna haɗa ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke kula da shan mai da giya da birki da jakar iskar kariya. Siririyar waya ɗaya da ta yanke tana iya hana mota tashi, a kwana biyu ana nemanta. Idan biyu suka ɓare suka haɗu, fis ya ƙone, an yi arha ke nan, wani lokaci kuma kwamfutar injin ce ke ƙonewa, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Mafi muni shi ne tiyon mai da aka huda, ko sheƙar busasshiyar ciyawa a kan ƙarfen da ke yin zafi, domin nan gobara ke tashi. Motoci masu haɗa fetur da batir, da masu lantarki zalla, suna da wayoyi masu launin lemo da ke ɗauke da wuta mai kisa, don haka idan an ga alamar haƙori a kansu kada kowa ya taɓa sai wanda ya san aikin.

Akwai wani zance da ya bazu cewa kamfanonin motoci sun koma lulluɓe waya da robar da aka yi da waken suya, wai ita ke jawo ɓera. A 2016 wasu masu motoci a Amurka sun kai kamfanonin Toyota da Honda ƙara a kan haka. Kamfanonin sun musanta, kuma a 2018 wata kotu a jihar Kalifoniya ta kori ƙarar da aka shigar da Toyota, ko da yake an ɗaukaka ƙara daga baya. Dillali ba ya bukatar jiran alƙalan Amurka, domin ɓera yana cin wayar gida da ta mota tun kafin a san da wannan roba. A Jamus, inda motocin hannu da yawa ke fitowa, wata ƙaramar dabba mai kama da tunku ce ke irin wannan ɓarna, kuma ƙungiyar kamfanonin inshorar ƙasar takan lissafa fiye da motoci 200,000 da abin ya shafa a shekara. Mai sayen motar Beljiyam ko tokumbo yana da kyau ya sa a leƙa bayan inji da fitila, a nemi inda aka naɗe waya da sabon tef, a cire matatar iskar ɗaki a duba, kafin a gama ciniki. Motar da ta yi makonni a filin gwanjo a ƙetare, ta yi wasu a tashar Tin Can, ta isa ta ɗauko baƙo a hanya.

Kariyar mota ba ta da tsada, sai dai tana son kulawa. Abu na farko shi ne wurin ajiya: nesa da juji da kwata da doguwar ciyawa da tarin itace ko tayoyi, nesa kuma da ɗakin hatsi da akurkin kaji. Na biyu, kada mota ta wuce mako ba a tayar da ita ba, a buɗe bonet a duba, a matsar da ita ko da taku goma ne, domin ɓera ba ya son wurin da ake yawan taɓawa. Inda gareji yake da ƙofa da makulli, barin bonet a buɗe yana kawar da duhu da ɗumin da suka jawo shi. Kafar iska ta ƙasan gilashi ana iya sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Kamfanin Honda yana sayar da wani tef na naɗe waya wanda aka haɗa shi da sinadarin yajin barkono, kuma ana samun irinsa na wasu kamfanoni. To, amma kada ganin haka ya sa a barbaɗa garin barkono a kan inji, domin fanka za ta kwashe shi ta watsa a idon direba. Ga dillalin da ke da motoci talatin a fili ɗaya, ladan yaron da zai riƙa zagaya su da makulli sau ɗaya a mako bai kai kuɗin kwamfutar inji guda ba.

Masu manyan motoci su ne abin ya fi shafa. Tirelar da ta sauke masara ko wake daga Dawanau, ta kwana a Ogere ko a bakin kasuwa da ragowar hatsi a bodinta, ta kira ɓera da kanta. Share bodi bayan kowane sauke kaya, da naɗe tamfol a ɗaga shi daga ƙasa, da hana ajiye abinci a kan mota, su ne matakan da suka fi kowane magani amfani. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne zuba guba a cikin motar. Ɓeran da ya ci zai lallaɓa cikin bututun iska ya mutu, sai an kwance allon direba kafin a kai gare shi.

Wurin da aka rufe aka bari shi ne abin son ɓera, ofis ne ko mota. A watan Agustan 2017, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar fiye da kwana 100 a Landan, mai magana da yawunsa Malam Garba Shehu ya ce shugaban zai riƙa aiki daga gida saboda ɓeraye sun ɓata ofishinsa. A 2025 shi da kansa ya bayyana cewa ya yi amfani da zancen ne don kau da hankalin jama'a daga batun lafiyar shugaban. Da ba kowa ya san abin da ɓera ke yi wa ɗakin da aka kulle wata uku ba, da zancen bai kwana ba.

Bayan dukiya akwai rai. A 1969 aka fara gane zazzaɓin Lassa, bayan mutuwar wasu ma'aikatan jinya na mishan guda biyu, aka raɗa masa sunan garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Bayan ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972 aka gano cewa ɓeran Mastomys ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashi ba tare da shi ya yi ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama mai tsanani, amma cikin waɗanda ciwon ya kwantar a asibiti wajen kashi 15 cikin 100 ke rasuwa, wasu da suka tashi kuma su kurumce. Rahotannin hukumar NCDC sun sha nuna jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba a gaba wajen yawan masu kamuwa, kuma abin ya fi tsanani da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Garin rogo da hatsin da ake shanyawa a gefen titi su kwana a buɗe suna cikin hanyoyin da aka fi jin tsoro. Don haka ba a share kashin ɓera a bushe, a sito ne ko a cikin mota, domin ƙurar na shiga hanci. Ana jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, a bar shi minti biyar, a kwashe da safar hannu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ga wanda ke aiki a ɗakin hatsi kuwa na asibiti ne, kuma da wuri.

Abin Da Ya Sa Kisa Kaɗai Ba Ya Isa

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne sayen shinkafar ɓera a hannun mai talla. Washegari a tsinci gawa biyar ko goma, a yi murna, bayan wata uku abin ya dawo. A shekarun 1940 masana na Jami'ar Johns Hopkins, cikinsu har da David E. Davis, sun yi shekaru suna ƙidayar ɓerayen unguwannin birnin Baltimore na Amurka. Sun gano cewa bayan an sa guba yawansu yakan koma yadda yake cikin watanni, amma inda aka gyara gidaje aka kawar da shara, raguwar takan dore. Dalilin a fili yake: yawan ɓeran wuri daidai yake da yawan abinci da maɓoyar da ke wurin. Kashe rabi yana ƙara wa sauran rabin abinci ne, su ƙara haihuwa. Bahaushe ya riga Davis faɗa, da ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Biyan lada a kan gawa ma an gwada shi. A 1902 Turawan mulkin mallaka na Faransa a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, bayan ɓeraye sun cika magudanan ruwan da suka gina a unguwarsu, sun yi shelar biyan kuɗi a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Wutsiyoyi suka riƙa zuwa dubbai. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari, domin masu kamun sun gane cewa yanke wutsiya a saki mai ita ya ci gaba da haihuwa ya fi riba, wasu ma suka shiga kiwonsu a bayan gari. Shugabannin kasuwar da ke tunanin ba da kwangilar kashe ɓera suna da darasi a nan. Ɗan kwangilar da ake biya da yawan gawa ba shi da dalilin son aikin ya ƙare, gara a ɗaure biyansa da raguwar ɓarna, wato yawan buhunan da aka huda a wata.

Aikin gaskiya na birkila ne da kafinta da mai walda. A cike tsagar bango da ta daɓe da siminti mai ƙarfi. A buga falle na ƙarfe a gindin ƙofar katako, a rage tazarar da ke ƙarƙashinta ta gaza kaurin fensir. Tagogi da kafofin iska da bakin bututun ruwa a sa musu ragar ƙarfe. Inda famfo ko waya ta huda bango a cusa soson ƙarfe a shafe da siminti. A sare reshen da ya taɓa rufi. A cikin sito, buhu ba ya zama a ƙasa sai a kan dandamalin katako, a bar hanya tsakanin kaya da bango wadda mutum zai bi da tocila, a riƙa fitar da tsohon kaya kafin sabo. Waɗannan su ne irin ƙa'idojin da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin, ta daɗe tana koyarwa. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin ajiyar wake, yana tsare ƙamshin hatsi, shi ya sa bai cika jawo ɓera ba, amma haƙori ɗaya ya isa ya ɓata shi, don haka shi ma sai an ɗaga shi. A gida, duro ko garwa mai murfi ta fi buhu, kuma kwanukan da aka bari da tuwo su kwana ba a wanke ba sun isa ciyar da zuriya guda.

Sai an toshe hanya an ɗauke abinci sannan tarko da guba ke da amfani. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka akan ajiye tarko da abinci kwana biyu ko uku ba a ɗana shi ba, sannan a ɗana da yawa a dare ɗaya, a jikin bango inda aka ga kashi da baƙin dattin jikinsa. Gyaɗa da busasshen kifi sun isa abin yaudara. Guba mai kisa nan take, irin mai sinadarin zinc phosphide, tana da aibu, wanda ya ɗanɗana bai mutu ba ba zai sake kusantarta ba. Wadda ke hana jini daskarewa ta fi, domin takan ɗauki kwana uku zuwa bakwai, ɓera ba ya haɗa ciwonsa da abin da ya ci. Ta farko a wannan layi ita ce warfarin, amma tun 1958 aka sami ɓerayen da ba ta kashewa a Sukotlan, abin da ya sa aka fito da masu ƙarfi irin su brodifacoum da bromadiolone a shekarun 1970. Ƙarfin nasu ya shafi yaro da kaza da kare da kyanwar da ta ci gawar, saboda haka a cikin akwati mai makulli ake sa su, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a kuma adana kwalin, domin makarinsu a asibiti bitamin K1 ne kuma likita zai so ganin sunan. Fiya-fiya maganin ƙwari ne, ba aikinta ba ne, kuma ita da danginta ne suka sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar turaren hatsi mai fitar da iskar phosphine kuwa ba a kusantar da ita ɗakin da mutane ke kwana ko kaɗan.

Kyanwa tana maganin kusu, kuma warinta yana sa ɓera ya rage fitowa fili, amma ba ta cika tunkarar babba ba. A wani bincike da aka buga a 2018, an sa na'urorin ɗaukar hoto na kwana 79 a wata ma'ajiyar shara ta Brooklyn a birnin New York mai ɓeraye fiye da 100, aka ga kyanwoyin wurin sun kashe biyu kacal. Na'urar da ake maƙalawa a soket wadda aka ce tana korar ɓera da ƙarar da mutum ba ya ji, tun 2001 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi fiye da kamfanoni 60 masu yin ta da sayar da ita cewa su kawo hujjar abin da suke faɗa. Kafur da makamantansa suna iya korar shi na 'yan kwanaki kafin ya saba.

Babbar wahalar ita ce ɓera bai san iyakar shago ba. Wanda ya kashe kuɗi ya gyara sitonsa, maƙwabcinsa bai gyara ba, ya rage asara amma motarsa da ke ƙofar sito tana nan cikin haɗari. Wanda bai gyara ba kuma yana cin moriyar gyaran wasu kyauta. Irin wannan matsala ba ta warwaruwa sai da hukunci na gama-gari. Lardin Alberta na Kanada ya kafa shirin hana ɓera shiga tun 1950, da doka da ta wajabta wa kowane mai fili kawar da shi, da jami'an da ke duba gonaki da rumbuna a kan iyakarsa ta gabas, kuma har yanzu ɓeran kwata bai kafa zuriya a lardin ba. Ba wanda zai ce Legas za ta zama Alberta, inda sanyi da tsaunuka suka taimaka. Amma layi ɗaya na 'yan hatsi a Mile 12, ko zangon Sabo a Ibadan, ko garejin tireloli, suna da shugabanni da asusun ƙungiya da ikon cin tara. Sun isa su tsayar da ranar kwashe shara, su yashe kwata tare, su sa guba rana ɗaya a duk shaguna maimakon kowa ya yi tasa lokacin da ya ga dama.

Game da inshora, mai mota ya san matsayinsa tun kafin ɓarna ta auku. Inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 ga motar gida daga 1 ga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani ne, ba ta biyan wadda aka yi wa motar kanta. Mai cikakkiyar inshora ma sai ya karanta takardarsa, domin lalacewar kayan lantarki da ɓarnar ƙwari da ɓeraye suna cikin abubuwan da aka saba warewa a irin waɗannan takardu, na mota ne ko na kayan sito. Yana da haƙƙin ya nemi amsa a rubuce daga kamfanin kafin ya sabunta.

Lokacin da ya fi dacewa da gyaran sito shi ne ƙarshen damina, watannin Satumba da Oktoba, sa'ad da tsohon kaya ya yi ƙasa kuma ana iya ganin daɓe da kusurwoyi. Da zarar an girbe gonaki an fara ƙona daji, ɓeran gona zai nufo gari, a daidai makonnin da tirelolin sabon hatsi ke fara isowa kasuwannin kudu.